Daga Kujama zuwa Panteka da kiranshaf a buhu

Motar da ta taso daga Kaduna za ta Kachia, Zonkwa ko Kafanchan ta wannan hanya, dole ta ratsa Kujama. Da ka wuce Sabon Tasha da matatar man da aka buɗe a 1980, ka bar Maraban Rido a baya, gidaje sun fara raguwa, gonakin masara da dawa sun matso bakin titi, to ka kusa hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, har yau za ka ga mata ɗauke da itace ko doya a kafaɗa, amma Hausa ce ke haɗa kowa a kasuwa da tasha.

Akori-kurar kawuna ce ta kai ni Kujama, Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN na Kakuri, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da su. Ta sha jigilar masara da citta har injin ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, daga baya ya soma ƙwanƙwasa daga ƙasa. Kawu ya ce ba zai sayar ba, ba kuma zai sa mata injin wata mota ba.

Garejin da aka ja ta aka kai yana bakin titi, ƙarƙashin mangwaro, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. An kafa ƙarafa uku an rataya sarƙa, da ita yara suka ciro injin. Maigidan dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya sa aka shimfiɗa buhu, aka jera fistin huɗu bi da bi, kowanne da metal ɗinsa a gefe, don kada a cakuɗa. Sai ya tsuguna ya goge kiranshaf da tsumma, ya bi wuyansa da farcen babban yatsa. Farcen ya maƙale a wani zane da ido ba ya gani sosai.

"Malam, taɓa nan ka ji," in ji shi. "Kwancewa da ɗaurawa aikinmu ne. Yanka kuwa sai cikin Kaduna."

Ya ce mun yi sa'a da irin injin. Silindar 504 zarewa ake yi daga bulok, a sayo sababbi haɗe da fistin da ringi a zura, ba sai an huda bulok ba. Abu biyu ne suka fi ƙarfin sifana: kan silinda, wanda zafi ya lanƙwasa, sai an share fuskarsa ta miƙe kafin gaskit ya riƙe; da kiranshaf, wanda za a rage wa kauri a nemo metal daidai da sabon awonsa.

Wani direba da ke jiran a gyara masa birki ya sa baki: "Oga, a sayo tokumbo mana a huta." Dattijon bai ɗago ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, in ji shi, injin tokumbo ya yi tsada, kuma sayen kifi a ruwa ne, ba ka san cikinsa ba sai ka ɗaura. Na yarda da shi. Injin da aka buɗe a gabanka, ka san abin da aka sa masa.

Muka naɗe kiranshaf a buhu, ni da babban yaron dattijon, muka shiga motar haya, muka haye kogin Kaduna zuwa tsohuwar Panteka da ke kusa da kwalejin kimiyya da fasaha. Ƙarar guduma da walƙiyar walda ko'ina. Shagon da maigidan ya aike mu ɗan ƙarami ne, injin yankan ya cinye rabinsa. Mai shagon bai faɗi kuɗi ba sai da ya ɗauko ma'auni ya gwada kowane wuya ta fuska biyu, ya rubuta da alli a jikin ƙarfen. Ya ce ba a taɓa yanka shi ba, don haka 010 ya isa, wato kwatan milimita. Gaba akwai 020 da 030 in rai ya kai. Yaron ya raɗa mini cewa ta haka ake gane na ƙwarai, wanda bai iya ba sai ya zabge ƙarfe da yawa don ya gama da wuri. Lokacin babu wuta, da ta dawo aka kunna, dutsen ya fara lasar ƙarfen a hankali, ruwa mai kalar madara na zuba a kai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wahalar da ke tsakanin Kujama da Kaduna. Hanyar da ke ɗauke da amfanin gonar Kajuru da Kachia, ga Kasuwan Magani a gaba kaɗan, ga tsofaffin motoci da injinan niƙa da na ban-ruwa birjik, ta cancanci shagon yanka a kusa. Hannu akwai a Kujama, na gani da idona. Jarin sayen injin da tsayayyar wuta ne babu, shi ya sa bakanike ke asarar yini a mota, manomi kuma kayansa na jira a gona.

Da muka koma, dattijon ya gwada sabon metal a wuyan, ya juya da hannu ɗaya, ya gyaɗa kai. Ya ce in faɗa wa Kawu kada ya labta mata kaya a makonnin farko, ya riƙa duba ruwan lagireto kowace safiya, sannan ya dawo da ita a juye baƙin mai a sake ɗaure kan silinda kafin kaka ta shigo.