Sabon Babur da Takardar Garanti

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in gargaɗi 'yan'uwana ma'aikata.

Na sayi sabon babur da kuɗin da na shekara 2 ina tarawa. Kwana 19 kacal, sai ya riƙa shaƙewa yana mutuwa a hanya, fetur na zuba ta ƙarƙashin kafireto. Da na mayar wa dillalin, ya ce wai man 'yan bumburutu na zuba, garanti bai shafi wannan ba. Na fito da rasit na gidan mai, na ce a buɗe tanki a gabana, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai ga tsatsa jingim, ita ta hana allurar kafireto tsai da mai. Tsatsar kuwa ta girmi cinikinmu. Dole ya sake mini tanki da kafireto kyauta.

To, jama'a, ku karɓi garanti a rubuce, ku adana rasit. Kada bakanike ya kwance kome kafin dillali ya gani, don wannan kan kashe garanti. Dokar kare masu saye ta 2018 ma ta yarda a mayar da kaya mai aibi.

Haza wassalam.

Wani malamin makaranta,
Zariya.