Hoton Baba Da Firintar Da Na Saya

Kai mai karatu, hotunan mahaifinka nawa gare ka? Mu dai ɗaya tal gare mu. An ɗauke shi ne a wani sutudiyo a Sabon Gari, shekarar da aka haifi yayanmu, kuma tun da Baba ya rasu yake cikin adakar Inna a gidanmu na Samaru. Gefensa ya fara cinyewa, fuskar tana ta dusashewa.

Abin da ya zaburar da ni fim ɗin Shaihu Umar ne, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa, aka gyara shi a Jamus, har aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Na ce to, idan fim sukutum ya tsira, hoto guda zai gagara?

Sai na tafi wajen PZ na sayo firinta irin mai aiki uku: ta buga, ta yi sikanin, ta yi fotokwafi. Na rungumo ta a Keke Napep, muka biyo ta Kwangila, ina ji kamar na sayo sutudiyo.

Daren nan na ɗora hoton, na danna, na buga a farar takarda. Wallahi abin da ya fito sai ka rantse Baba ya yi wanka da ruwan alayyafo! Fuska koriya, ga ɗige-ɗige ko'ina. Inna ta duba ta sake dubawa, ta miƙo mini ta ce, “Wannan ba Malam ba ne.” Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Da na natsu na bincika, ashe rabin laifin nawa ne. Irin wannan firinta tawada huɗu take gaurayawa: shuɗiya, ruwan hoda, rawaya da baƙa. Ƙofar ruwan hodar ce ta toshe, shi ya sa kore ya rinjaya. Ɗige-ɗigen kuwa ƙurar hunturu ce a kan gilashin. Ita kuma takardar rubutu shanye tawada take yi kamar tsumma.

Na sa ta wanke bakin tawadarta, na goge gilashi da ƙyalle mai laushi, na sayo takardar hoto mai sheƙi. Sannan na ɗaga sikanin zuwa ɗigo 600 a kowane inci. Lissafin mai sauƙi ne: hoto mai kyau yana son ɗigo 300 a inci, don haka mai inci 3 da 5 zai iya ninkawa ya zama 6 da 10 ba tare da ya fashe ba.

Wannan karon Inna ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can sai ta ɗora yatsa a goshinsa ta ce, “Ga tabon da ya samu a kan keke.” Ta goge ido da bakin mayafi.

Amma kada in yaudare ka. Wanda na manna a bangon falo, inda rana ke bugawa, kafin shekara ta zagayo ya koɗe, domin tawadar yawancin firintocin gida rini ce, ba ta jure haske. Kuma abin da ya riga ya goge a hoton asali, na'ura ba za ta dawo da shi ba.

Don haka ga shawarata: ka sa wanda ka buga a firam mai gilashi, nesa da taga. Ka ajiye fayil ɗin a wuri biyu. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, tura shi a matsayin dokumen, don kada a matse shi. Na asalin kuwa ka maida wa tsohuwa adakarta.

Je ka buɗe taku adakar yau, tun gara ba ta riga ka ba.