Maganar sefti but, ga masu shirin tafiya IT

Wannan na ƙannenmu ne da za su fita SIWES a zango mai zuwa, musamman 'yan injiniyarin da masu karatun ma'adinai da ke nan Fatakwal da Owerri da sauran makarantun wannan yankin. Mutum uku ke nan suka tambaye ni a cikin makon nan inda ake samun sefti but mai sauƙin kuɗi. Dukkansu kuɗin suka tambaya, babu wanda ya tambayi yadda ake gane wanda ya dace da ƙafarsa. To ni kuma a wata shidan da na yi a wurin gini, abin da na ga ya fi wahalar da yaranmu ke nan, har ya fi rana da ruwan sama.

Ku fara sanin cewa takalmin nan ba ado ba ne. Wurin aikin da ya san abin da yake yi ba zai bar ka ka wuce get ba sai da shi da hular kwano. Ranar da aka kora ka kuwa babu abin da za ka rubuta a logbuk, sufabaiza kuma ba zai sa hannu a shafin da babu komai ba. Tun 1973 da hukumar ITF ta kafa shirin nan, manufarsa ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa, wato a tsaye za ka yini, awa takwas ko fiye, wani lokacin a kan rodi da tsakuwa.

Akwai wani abu game da ƙafarmu da ban taɓa lura da shi ba sai da na zo Kudu. Yawancinmu a silifa da takalmin fata buɗaɗɗe muka taso. Sau-ciki sai ranar Litinin a sakandare, shi ma ana tashi a cire. Ƙafar da ta saba da sarari yatsunta a baje suke, gabanta da faɗi. Shi kuma sefti but a gabansa akwai wani ƙoƙon ƙarfe da ke rufe yatsu. A ƙa'idar da ake kira EN ISO 20345, ƙoƙon nan dole ya jure bugun jul 200, kwatankwacin a saki abu mai kilo 20 daga tsayin mita ɗaya, ya kuma jure dannin kusan tan ɗaya da rabi. To abin da aka yi don kada ya lotsa a ƙarƙashin tan ɗaya da rabi, ɗan yatsanka ne zai buɗa shi?

Na faɗi haka ne saboda maganar da kowane mai shago zai gaya maka, daga Mile One har Ariaria: “Malam, ɗauka kawai, zai buɗe.” Fatar sama tana saki kam, bayan mako biyu ko uku za ka ji ta yi laushi a wuyan ƙafa da wurin lanƙwasa. Ƙarfen gaba kuwa yadda ka saye shi haka za ka jefar da shi. In ka ji gefensa yana taɓa ƙaramin yatsanka ko babban tun a shago, ajiye shi, ko da kyauta aka ba ka.

Wani ɗan ɗakinmu, ba zan faɗi ko na wace jiha ba ne don zai karanta, yayansa ne ya aiko masa da nasa daga gida. Takalmi mai kyau wallahi, ya fi nawa tsada nesa. Lamba 42 yake sawa, 42 aka saya masa. Kwana huɗu da farawa farcen babban yatsansa ya yi baƙi, ƙaramin ya yi bororo ya fashe. Saboda kunyar kada a ce ya raina kyautar yaya, ya ci gaba da cusa ƙafa a haka, yana ɗingishi har kan bene. A mako na uku wurin ya ɗuri ruwa, sai da ya kwanta kwana tara, kuɗin magani ya kusa kai na sabon takalmi. Farcen kuma daga baya ya cire gaba ɗaya. Har yanzu in muka tuna muna dariya, amma lokacin babu mai dariya, don saura kaɗan a ce ya maimaita IT ɗin.

Matsalar lambar nan ita ce ba harshe ɗaya take magana ba. Lambar Turai, irin su 41, 42, 43, tsakanin kowace da mai bi mata kashi biyu cikin uku na santimita ne, wajen milimita 6.7. Ta Ingila, 7, 8, 9, tazarar kashi ɗaya cikin uku na inci ce, wajen milimita 8.5. Ta Amurka ta maza kuma tana gaba da ta Ingila da kusan lamba ɗaya. Duk cikinsu babu wadda ta ce komai game da faɗi. Ga shi kowane kamfani da irin ƙirarsa. Ni kaina 43 ta yi mini a wani, a wani kuma sai 44.

Dabarar da ta taimake ni daga wurin da ba ku zata ba na samo ta. Wani dare ina neman yadda ake auna but a YouTube, sai na faɗa kan masu sayar da takalmin sulun ƙanƙara, wasan nan da Turawa ke yi a kan duwatsun Faransa da Ostiriya. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta firji ba, na zauna na kalli bidiyo kusan biyar. Mutanen nan ba sa wasa da awon ƙafa, don takalminsu roba ce mai tauri kamar bokiti, in bai zauna daidai ba mutum ba zai iya juya katakon da ke ƙafarsa ba. Ba sa tambayar lambar da kake sawa. Tsawon ƙafarka suke aunawa da santimita, shi ne lambar, ana kiran tsarin Mondopoint. In ƙafarka 26.5 ce, 26.5 za a kawo maka. Sannan su zare rufin cikin takalmin mai laushi, su sa ƙafarka a cikin ƙoƙon robar, ka tura yatsu har su taɓa gaba, su duba sararin da ya rage a bayan diddige da yatsan hannu. Wani abin da suka yi ta nanatawa: sabon takalmi ya kama ƙafa ko'ina kamar musafaha mai ƙarfi, amma kada ya soke ka a wuri ɗaya, domin soson ciki zai kwanta bayan 'yan kwanaki, wanda ya ji daɗi sosai ranar farko zai koma yana yawo a ciki. Su dai suna da gata, in robar ta matse wani wuri ana gasa ta a tura ta waje. Mu namu ƙarfe ne, babu wannan.

Sai na yi irin nasu. Na sa takarda a ƙasa jikin bango, na tsaya a kai diddige na taɓa bangon, aka ja mini layi a bakin yatsa mafi tsawo. Ta dama 27, ta hagu 26.6. Kusan kowa haka yake, ɗaya ta fi ɗaya, kuma da babbar ake saye. In kana son lambar Turai, ƙara santimita ɗaya da rabi a kan awonka, ka ninka da ɗaya da rabi. Nawa ya ba ni 42.75, wato 43. Ku duba harshen kambas ɗinku ma, galibi akwai awon santimita a rubuce kusa da sauran lambobin.

Ranar saye ku je da yamma, bayan kun yini a tsaye, don ƙafa tana kumbura da yini. Ku tafi da safar da za ku riƙa aiki da ita, mai kauri. A zare shimfiɗar cikin takalmin a ajiye a ƙasa, ka taka ta: in yatsunka sun zubo ta gefe, ya yi maka ƙunci, in kuma ba a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba ba, ya yi gajere. Sa duka biyun, ɗaure igiya har sama, yi tafiya. Tsuguna kamar za ka ɗauki bulo, ka ji ko bakin ƙarfen yana cizon bayan yatsu. In akwai matakala ka sauka a kanta, nan ne ƙafa ke zamewa gaba farce ya bugi ƙarfe. Diddige kuma kada ya riƙa tashi yana sauka a ciki.

Na san abin da ke hana mu yin wannan. Kunya ce, da tsoron kada mai shago ya fara faɗa da ƙarfi mutane su taru suna kallon aboki. Ni shago huɗu na shiga, takalmi bakwai na gwada, wani har tsaki ya yi mini da na fita. Ban ji komai ba. Kuɗin abincina na kusan mako uku ne a hannuna. Wanda na saya a wurinsa daga ƙarshe dattijo ne, shi da kansa ya ce in zaga layin in dawo, ya riƙe silifana jingina.

'Yan uwa mata, ku naku ya fi wuya, don yawancin abin da ke kasuwa ƙirar maza ne, diddigensa da faɗi. In tsawon ya yi amma baya yana cika, a ƙara shimfiɗa ta biyu a ciki, kada a rage lamba.

Game da rubutun da ke jikin harshen takalmin: SB na nufin ƙoƙon yatsu kaɗai aka tabbatar. S1P yana da faranti a tafin da ke hana ƙusa hudowa. S3 yana da wannan, ga fata mai jure ruwa da tafi mai manyan haƙora. Wanda zai yi aiki a wurin gini a garin da ruwa ke zuba tun wajen Maris har Nuwamba, S3 ne nasa. Wani ƙoƙon ba ƙarfe ba ne, haɗin roba ne mai ƙarfi, ya fi sauƙin nauyi kuma ƙa'ida ta yarda da shi, don haka kada ka ce jabu ne don maganaɗisu bai kama ba. 'Yan lantarki ku kula, alamar da ke cewa takalmi yana zubar da cajin jiki ba ta nufin zai kare ku daga wayar wuta. Ku tambayi mai kula da tsaro a wurin aikinku irin wanda suke so kafin ku kashe kuɗi.

Gwanjo fa? Ana dacewa, ban hana ba. Amma tafin yawancinsu wata roba ce mai suna PU, wadda in ta daɗe a ajiye cikin danshi take ruɓewa daga ciki. A ido lafiya lau, ka yi kwana biyu da shi tafin ya fara zuba kamar busasshen burodi. Na ga wanda nasa ya rabu biyu a tsakiyar taɓo, ya koma gida da leda ɗaure a ƙafa. Lanƙwasa tafin da ƙarfi, danna farce a ciki, in ya tsage ko ya yi danƙo, bar shi. In gaban ya lotsa ko kaɗan, abu ya taɓa faɗo masa, ya gama aikinsa. Na Aba kuma akwai gwanaye, har za su auna ƙafarka su ɗinka maka, abin da ya dace da masu faɗin ƙafa irina. Sai dai ka tabbatar da abin da aka sa a gaban da tafin, don ɗinki mai kyau daban, kariya daban.

Ko wanda ya dace ɗin ma sai an saba da shi. Nawa mako biyu kafin fara aiki na soma sa shi, awa ɗaya, awa biyu, zuwa lakca da dawowa, ana tsokanata wai na zama soja. Na riƙa shafa man kaɗanya a wurin lanƙwasa da wuyan. Kwanakin farko akwai nauyi, akwai gajiyar ƙwauri, akwai ɗan gurzawa a idon sawu, duk waɗannan sun wuce. Wanda ba ya wucewa shi ne yatsu su mutu ko su riƙa tsikari kamar ana soka allura, ko zafi a wuri ɗaya tak kullum. Da ka ji wani wuri ya fara ɗumi, zauna ka manna filasta tun bai zama bororo ba. In ya riga ya zama, kada ka ɓare fatar, wanke ka rufe. Masu ciwon suga da masu sikila, ku kam ko ɗan ƙaramin rauni ne a idon sawu ku nufi asibitin makaranta, don irin wannan ne ke zama gyambon da ke ƙin warkewa.

Sai abin da babu bidiyon Bature da zai gaya muku: alwala. Azahar da La'asar a wurin aiki za su same ka, hutun kuma gajere ne. Abin da yawancinmu ke yi, a wanke ƙafa a zura ta jiƙe cikin safa a ruga. Jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin salewa, ga ƙaiƙayin tsakanin yatsu da danshin garin nan ke haifarwa, ga warin da zai sa 'yan ɗaki su fitar maka da takalmi baranda. Ni ƙaramin tawul nake sawa a jaka da safa ta biyu. In na idar da sallah in goge tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, in barbaɗa hoda, in canza safa. Minti biyu ne. Safar auduga zalla tana riƙe gumi, irin ta 'yan ƙwallo ta fi ta saurin bushewa. Da dare a zare shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar jarida ta tsotse ruwan. Kada a kanga shi a risho ko hita, fatar za ta bushe ta tsage, gam ɗin tafin ya saki.

Ranar Laraba mai zuwa ba ni da lakca bayan ƙarfe 2, kuma ranar ce kasuwar Oil Mill ke ci. Duk mai son in raka shi ya yi mini magana ta inbos, mu haɗu a bakin masallaci bayan Azahar. Kowa ya zo da safarsa mai kauri da takardar awon ƙafarsa, a kuma yanke farce tun daga ɗaki.