Zaman Digil Tsakanin Dokar Kulle Da Akwatin Zaɓe

Matafiyin da ya tashi daga Yola ya nufi Mubi yana da tafiyar kilomita wajen 200 a gabansa. Zai bi ta Girei da Song da Gombi da Hong, sa'an nan a Mararrabar Mubi ya karkata gabas, duwatsun Mandara suna ƙara tasowa gabansa har ya iso garin da ke kwance a gindinsu, a gaɓar kogin Yadzaram. Bayan duwatsun nan ƙasar Kamaru ce. Digil kuwa tana bakin gari, ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa. Lokuwa da Kolere da Sabon Layi da Yelwa su ne na cikin gari, su Vimtim da Muchalla da Mijilu suna can wajen ƙauyuka, ita Digil ta zauna tsakani, ƙafa ɗaya cikin birni ɗaya cikin gona. Mutumin da aka gani da safe yana tuƙa Keke Napep zuwa kasuwa, shi ne za a tarar da la'asar da fartanya cikin masara ko gyaɗa.

Baƙon da ya zauna gindin bishiya awa ɗaya zai ji Fulatanci da Hausa, ya ji Falanci da yaren Gude, wani lokaci duk a bakin mutum guda. Masallaci da coci ba su da nisa da juna. Da damina ruwan da ke gangarowa daga tudu yana cin ƙasa, ya bar kwazazzabai a gefen gonaki, har malaman aikin gona sun sha zuwa su auna irin ƙasar da Digil ke rasawa kowace shekara. Da rani kuma sai ruwan ya zama abin saye, 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki suna bi gida gida.

Jefa ƙuri'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Jamusawa sun kama Mubi a 1903, Ingilishi suka karɓe ta lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ta zama wani yanki na Kamaru ta Arewa wadda Ingila ke riƙo amana. Ran 11 ga watan Fabrairu 1961 aka tambayi jama'a ko su shiga Nijeriya ko su bi Jamhuriyar Kamaru, suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. A wannan ƙuri'a har mata sun fita, alhali kuwa matan sauran Arewa sai da aka ƙara shekara goma sha biyar kafin a ba su wannan dama. Watau kakannin mutanen Digil da hannunsu suka zaɓi ƙasar da za su zauna a ciki, abin da 'yan Nijeriya kaɗan ne za su iya faɗa. Shi ya sa idan dattijo a nan ya yi ƙorafi a kan Gwamnati, yakan yi shi da muryar wanda ke bin bashi.

Kafin a fahimci yadda mutanen wurin suka karɓi annobar korona, lalle sai an tuna abin da suka riga suka gani. Ran 29 ga watan Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, suka kafa tuta, suka sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. Jama'a suka watse, wasu suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru, wasu suka bi daji da ƙafa har Yola, uwa ta rabu da ɗa, miji ya rabu da mata. Ko Vimtim, garin Babban Hafsan Tsaron ƙasa na lokacin, Alex Badeh, bai tsira ba. Cikin watan Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin, mutane suka dinga komowa suna tarar da shaguna a fashe, amfanin gona ya lalace a tsaye. Ba a gama farfaɗowa ba bam ya tashi a masallaci cikin Nuwamba 2017 lokacin sallar asuba, wani ya sake tashi ran 1 ga watan Mayu 2018, kuma cikin wannan watan ne cutar amai da gudawa ta ɓarke a Mubi ta Arewa da ta Kudu. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu ta waɗannan hanyoyi, ba abin mamaki ba ne da aka ce musu ga wata cuta can ta taso daga ƙasar Sin, su riƙa tambaya ina gawawwakin.

Nijeriya ta sami mai cutar na farko a Ikko ran 27 ga watan Fabrairu 2020. Ƙarshen watan Maris Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya kafa dokar kulle ta kwana 14 a Jihar Adamawa, tun ba a sami kowa da cutar ba a jihar. Kiristoci suka yi Ista a gida. Ran 22 ga watan Afrilu aka ba da sanarwar mutum na farko, kuma sai aka ce a Mubi yake, ya komo ne daga Kano. Aka sake kulle jihar, kullen ya zo daidai da kamawar azumi ran 24 ga wata. Ba tafsiri, ba jam'in tarawihi, ba Juma'a. Tsofaffi da yawa ba su taɓa ganin watan Ramalana irin wannan ba.

To, amma dokar da aka tsara a ofis ta zo ta tarar da unguwar da yawancin magidantanta sai sun fita suke samun na cefane. Afrilu ne watan da zafi ya fi tsanani, rumbu ya yi ƙasa, manomi yana neman kuɗin taki da iri kafin ruwan farko. An ce a riƙa wanke hannu a kai a kai da ruwa mai gudu, a wurin da ake sayen ruwa da jarka. An ce a ba da tazara, a gidan da mutum takwas ke kwana ɗaki biyu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, waɗanda ɗalibansu ke riƙe da masu gidajen haya da masu abinci da masu keke, duk an rufe su, ɗalibai sun tafi. Kasuwar shanun Mubi, wadda ake kawo mata dabbobi daga Kamaru da Chadi ana loda su zuwa Kudu, tun watan Agusta 2019 take jin jiki saboda rufe iyakokin ƙasa, ga shi yanzu an ƙara da hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Dillali da ɗan kamasho da mai sayar da igiya da mai shayin bakin tike, kowa ya ji a aljihunsa.

Abin da ya riƙe unguwa a wannan lokaci shi ne abin da ya riƙe ta a 2014. Mai shago yana rubuta bashi a littafi yana cewa sai an buɗe. Matar da ta dama kunu takan aika wa maƙwabciya da kwano ta kan katanga. Telan da ba ya samun ɗinkin Salla ya koma ɗinka takunkumin fuska da ragowar atamfa, mutane suna saye, ba don tsoron cutar ba sosai, sai don kada a tsare su a shingen hanya. Kuma gona ba ta san kulle ba: da ruwa ya sauka, kowa ya saɓi fartanya ya bi ta bayan gida. A nan Digil ta fi unguwannin tsakiyar gari sa'a, don mai gona kusa yana da abin da zai sa rai a kai.

Maganar kayan tallafi ita ce ta fi ɓata zukata. Ana jin labarinsu a rediyo, ana jin manyan lambobi, amma abin da ke isowa unguwa, in ya iso, bai taka kara ya karya ba, kuma zargin da ke bakin jama'a shi ne rabon yana bin layin jam'iyya. Da watan Oktoba 2020 ya zo, bayan zanga-zangar neman rusa rundunar SARS, mutane suka fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama, har da Yola, inda aka kwashi buhunan abinci, aka ja har da taraktocin noma. Gwamna ya sa dokar hana fita, ya ba da wa'adi a mai da kayan. Hukumomi a wurare da yawa sun ce ajiye su aka yi don rabo na gaba ko don waɗanda ambaliya ta shafa, wataƙila kuma a wasu wuraren gaskiya ne. Sai dai wanda ya yi azumi da kunu zalla, sa'an nan ya ga hoton buhunan nan a wayar ɗansa, da wuya wannan bayani ya shiga kunnensa.

Siyasa kuwa ba ta taɓa barin Mubi ta huta ba. A 2015 ɗan garin, Muhammadu Jibrilla Bindow, ya zama Gwamna, aka shimfiɗa tituna a cikin gari waɗanda har masu adawa da shi ba su musun su. A 2019 aka ɗage zaɓen Shugaban Ƙasa da tsakar dare, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, bayan mutane sun kashe kuɗin mota sun komo gida don su jefa ƙuri'a. Na Gwamna aka ce bai kammala ba, sai da aka sake zagaye a ƙarshen Maris kafin Fintiri, ɗan Madagali, ya kayar da Bindow. Daga nan kalmar inkonkulusib ta shiga bakin yara, har idan cinikin akuya ya ƙi faɗawa sai a ce ya zama inkonkulusib. Zaɓen ƙananan hukumomi, wanda shi ne ya fi kusa da talaka, don kansila shi ne wanda ake iya tarewa a ƙofar gida, shi ne kuma wanda mutane suka fi raina wa, tun da a Nijeriya jam'iyyar da ke riƙe da jiha ita ta saba kwashe kujerun. Haka aka yi a Adamawa cikin Afrilu 2022.

Zaɓen 2023 ya zo da nasa kullen, na kuɗi. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka ɓace, sababbin ba su wadata ba. Magidanci yana da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen gishiri. Masu POS suka tsawwala caji, matan da ke sayar da ƙosai da gyaɗa, waɗanda ba su da asusu, suka rasa masu saye, wasu 'yan kasuwar kan iyaka kuma suka koma ciniki da sefa, kuɗin ƙasar da kakanninsu suka ƙi shiga a 1961. Duk da haka ran 25 ga Fabrairu da ran 18 ga Maris an ga layuka a rumfunan zaɓe, na mata ma ba su fi na maza gajarta ba, musamman da yake mace, Sanata Aishatu Dahiru Binani, tana takarar Gwamna. Aka sake cewa bai kammala ba. Aka yi na cikawa ran 15 ga Afrilu, kashegari da safe Kwamishinan Zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya tashi ya ba Binani nasara tun ba a gama tattara sakamako ba, kuma ba aikinsa ba ne. Hukumar INEC ta soke sanarwar, ran 18 ga wata ta ce Fintiri ne ya ci. Cikin kwana uku magoya bayan kowane ɓangare a unguwa ɗaya sun yi murna, sun kuma yi jimami. Kujerar Sanatan Adamawa ta Arewa ma ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba, don cikin Oktoba 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke Ishaku Abbo, ɗan Mubi ta Arewa, ta ba Amos Yohanna.

A majalisun bakin titi, inda ake shimfiɗa tabarma bayan isha'i, muhawarar takan rabu biyu. Samari suna cewa katin zaɓe ba shi da amfani sai wajen buɗe asusun banki, tun da abin da aka jefa a Digil ana iya juya shi a Yola ko a gaban alƙali a Abuja. Dattawa suna cewa wanda ya ƙi fita ya bar wa wani ya zaɓar masa. Da wuya a tashi an daidaita. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne jerin bukatun da ake miƙa wa kowane ɗan takara idan ya zo gaisuwa wurin mai unguwa: rijiyar burtsatse da ke aiki, taki kafin shuka ba bayanta ba, magani a ɗakin shan magani, da kwalbati a inda kwazazzabo ke cin hanyar gona.