Jirgin Kara a Garin da Ba Diga

Layin dogo bai taɓa bi ta Fammar ba, haka ma Rano da Kibiya. Digar da ta taso daga Baro ta shiga Kano a 1911 ta yamma da mu ta ratsa, ta Dangora da Madobi da Challawa, ta bar mu da duwatsunmu da gonakin dawa. Amma a da, da wuya kaka ta wuce ba ka ga yaro yana jan jirgin ƙasa a bayan danga ba, jirgin da ya ƙera da hannunsa.

'Yan cin rani ne suka kawo mana siffarsa. Da yawansu dakon buhunan gyaɗa suke yi a Kano, zamanin dalar gyaɗa, kusa da tasha. Babban jirgin da ke tafiya Ikko ko Nguru wucewa yake yi, sai dai su hange shi. Wanda suke wuni da shi ƙaramin kan jirgi ne, gajere, da ba ya barin harabar tasha. Aikinsa ya tura wannan tarago, ya janyo wancan, ya haɗa su, ya ja da baya, ya sake dawowa. Ba ya jan taragon kwal a bayansa kamar manya. Tankunan ruwansa suna manne a gefe da gefe, kwal ɗinsa a ɗan akwati bayan ɗakin direba. Shi suka sani ciki da bai, shi suke zana mana a ƙasa da tsinke bayan sallar isha'i.

Sauran aikin namu ne. Kara busasshe ake nema, mai kauri, wanda gara ba ta taɓa ba. A feƙe ɓawon da reza, a tsaga shi siri-siri, shi ne ƙusa, shi ne sanda. Totuwar ciki kuwa laushi gare ta, tana karɓar duk abin da aka soka mata. Da ita ake yin gindi, a ɗora gwangwanin madara a kwance ya zama tukunyar tururi, a kafa guntun kara a gaba ya zama bututun hayaƙi. Ƙafafu daga sakaina ake fafe su, a goga a dutse har su yi zagaye. Daga baya tsofaffin silifa suka karɓe wannan aiki. Inda totuwa ta ƙi riƙewa, ƙayar aduwa ta riƙe.

Wannan kowa ya iya. Gwani a ƙananan abubuwa ake gane shi: matakalar da direba ke takawa, ƙugiyar haɗa tarago gaba da baya, da sandar nan da ke haɗa ƙafafu tana kai da komo. Wanda ya sa sandarsa ta motsa in an ja jirgin, ranar ba mai ja da shi a unguwa. Wasu har tsumma suke cusawa a gwangwanin su sa masa garwashi don hayaƙi ya fito, abin da ya sha jawo bulala, don kusa da rumbu ake wasan. In an gama, wurin wanda ya ga na gaskiya ake kaiwa. Ya juya shi, ya ce, "Kai yaro, ina fitilar baya? Wannan ai da baya yake rabin tafiyarsa." Ka ce, "To Kawu," ka koma neman murfin kwalba.

A Jamus da Ingila manya ne ke wannan sha'awa, kamfanoni irin su Märklin da Hornby suna sayar musu da kayan, a ma'auni ƙayyadadde. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaske. Mu ma'auninmu tsawon gaɓar kara ne, kuma na fi ganin ƙoƙarin wanda ya ƙera abin da bai taɓa gani ba.

Abin bai mutu rana ɗaya ba. Injin dizal ya kori na kwal, shi kuwa akwati ne kawai, ba bututu ba sanda, ba abin da zai ja hankalin mai reza. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dala, kaya suka koma kan titi. Yara suka bi abin da idonsu ke gani, suka koma ƙera tirela da motar langa-langa. Sannan motar roba ta cika kasuwa da araha, wayar hannu ta zo ta ƙarasa.

Kara dai yana nan, duk kaka sai an tara shi a gonakin Kibiya. Masu shekara hamsin zuwa sama da suka iya wannan aiki ma suna nan da ransu. Malaman firamare, ku gayyato su aji a lokacin aikin hannu, ku ba su kara da reza.