Gonakin aro a Gabukka

Gabukka unguwa ce a cikin garin Gombe, maƙwabciyar Pantami. Da damina na shige ta da hantsi, lunguna cike da yara da masu tura kurar ruwa. Duk inda aka bar fuloti ba a gina ba, sai na tarar da masara ta kai kafaɗa, kuɓewa da yakuwa a gefenta, wake yana yaɗo a ƙasa. Na tambayi mai shago ko na wane ne, ya ce yawanci na baƙin da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno ne, mutanen Damboa da Gwoza da Bama, tun 2014. Ba a sansani suke ba, haya suke kamawa cikin jama'a.

A wani fuloti na iske mata uku suna cirar ciyawa. Babbarsu ta ce mai filin ya ba su aro, ba ya karɓar ko sisi, sai dai in an girbe su kai masa ɗan abin miya. "Malam, a gida gonarmu sai ka wuni ba ka zagaye ta ba," in ji ta. Yanzu abin da take samu a nan shi ne cefane, in ta sayar da rarar ganye kashi-kashi a bakin titi ta sayi sabulu da littafin 'yan makaranta. Taki ne ya gagare su. Ta ce kuɗin buhu ɗaya ya fi na buhun masara, don haka kashin awaki da tokar murhu suke zubawa.

Mazan ba sa unguwar da rana. Suna hayar gona a ƙauyukan Akko da Kwami, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota yake cinye musu riba.

Can gaba na ga abin da ya fi damuna: tulin bulo da yashi a tsakiyar wata shuka, mai fili ya tashi gini tun masara ba ta nuna ba. Masu unguwa da masu filaye, ku riƙa yi wa waɗannan bayin Allah yarjejeniyar shekara biyu ko uku a gaban shaidu, domin wanda ya shuka ya samu ya girbe.