Amana Ba Ta Hana Rubutu

Duk wanda ya san Dutsin-Ma kafin shekarar 2011, wato kafin a kafa Jami'ar Tarayya a garin, zai shaida cewa gonakin da muke zuwa roron gyaɗa a da, yau sun zama unguwanni. Filaye sun yi tsada, gidajen haya sun yawaita. Ko a Kurfi ma, bayan gari sai faɗaɗa yake yi. To, sabuwar unguwa ba kamar ta cikin gari ba ce, inda kowa ya san kakan kowa. A nan za ka tarar da malamin Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da ɗan kasuwa, da mai ritaya, da ɗalibai 'yan haya, duk a layi ɗaya, ba abin da ya haɗa su sai katanga da kwata. Wannan ne ya haifar da kwamitin unguwa.

Mu malaman makaranta mun san wannan kwamiti ciki da bai, domin da an zauna zaɓe sai ka ji an ce, “Malam, kai ne sakatare, tunda kai ke da biro.” Da haka muka ga yadda ake farawa cikin raha da fatan alheri. A yi karo-karo a gyara taransifoma, a haƙa rijiyar burtsatse, a yashe magudanar ruwa kafin damina, a ɗauki 'yan sintiri saboda halin rashin tsaro da yankinmu ya sha fama da shi. Kuɗi na hannun Alhaji ma'aji, ba rasit, ba littafi, domin wai tambayar lissafi rashin kunya ce ga dattijo.

Shekara biyu ko uku sai ƙananan maganganu su fara. Nawa aka tara? Wa ya ce a kashe? Yaushe wa'adin shugaba zai ƙare? Ɗan haya da ke biyan kuɗin sintiri duk wata, yana da ƙuri'a ko kuwa sai mai gida? Ba mai amsa, domin ba a taɓa rubuta komai ba. Mun ga maƙwabta biyu da suka shekara goma suna salla a sahu ɗaya sun daina gaisawa a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Ba wanda ya ci ko kwabo a cikinsu, hujja ce kawai babu.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, a idon doka kwamitin da bai yi rajista ba taron mutane ne kawai. Ba ya mallakar fili da sunansa, ba ya shigar da ƙara da sunansa. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta 1990, wadda aka sabunta a 2020, ta ba da damar ƙungiya ta naɗa amintattu, ta rubuta tsarin mulkinta, ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Daga nan ne take zama mai iya riƙe dukiya, ko da waɗanda suka kafa ta sun rasu.

Muhimmancin wannan yana fitowa a maganar fili. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora amanar ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma tana kula da na karkara. Shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi tana da daraja, amma ba ta maye gurbin takardar hukuma. Filin da aka ware don makarantar Islamiyya ko maƙabarta, idan takardarsa na ɗauke da sunan mutum ɗaya, ranar da ya kwanta dama sai ya shiga cikin gado, magada kuwa ba su halarci zaman da aka yi alkawarin ba.

Akwai kuma iyakar iko. A Amurka, irin waɗannan ƙungiyoyi na masu gidaje suna iya kai mutum har ga rasa gidansa saboda bashin kuɗin ƙungiya, domin ya sa hannu a kan sharuɗɗan tun ranar saye. Mu a nan ba mu da wannan hurumi. Kwamiti ba kotu ba ne. Ba ya yanke wa mutum wuta, ba ya ƙwace masa kaya, kuma ɓarawon da 'yan sintiri suka kama hannun 'yan sanda za a miƙa shi. Shugaban da ya ba da umurnin duka, shi zai amsa tambaya shi kaɗai.

Saboda haka shawararmu ƙarama ce. A rubuta tsarin mulki ko da shafi biyu ne, da Hausar da kowa zai fahimta. A faɗi wa'adi, a faɗi masu ƙuri'a. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Masu cewa rubutu alamar rashin yarda ce, su tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Littafin lissafi yana kare mutuncin ma'aji kafin ya kare kuɗin jama'a.

Allah ya ba mu maƙwabta nagari, ya sa mu fita haƙƙinsu.